Wa ya ba mai hoto izinin tallata amaryarmu?

Abin da wasu masu ɗaukar hoton biki ke yi mana ya wuce gona da iri. Za a ɗauko mutum, a biya shi kuɗi masu kauri, a buɗe masa ƙofar cikin gida har ɗakin da ake yi wa amarya kwalliya. Tun kafin a kai ta ɗakin mijinta, hotunanta sun cika Instagram da TikTok, sunan shagonsa manne a jiki, lambar wayarsa a ƙasa. Ango bai gani ba, mahaifiyarta ba ta gani ba, amma dubban baƙin ido sun gani, suna ta sharhi kan fuskarta da surarta. Kuɗinmu ya ci, kuma da mutuncin 'yarmu yake neman wani cinikin. Wannan cin amana ne.

Abin ya fi muni a wajen kamu da sa lalle da yinin biki. Taro ne na mata. Sun san su kaɗai ne, shi ya sa suke ajiye mayafi, su saki jiki, su yi rawa da guɗa. Sai ga ƙato da yaransa uku ko huɗu a tsakiyar fili, wannan riƙe da fitila, wancan da kyamarar bidiyo, kowanne kuma da wayarsa a aljihu. Matar aure ta zo taya ƙawarta murna, washegari dangin mijinta na tura wa juna bidiyonta a WhatsApp. Wa ya tambaye ta? Ita ba ta ɗauki mai hoto ba, ba ta ma san sunansa ba, amma ita za ta kwana tana ba da haƙuri a gidanta.

Mu ma da namu laifin, kuma babba ne. Wajen zaɓen ango ana bincike har kakanni. Wajen zaɓen wanda zai shiga tsakiyar matanmu da kyamara kuwa, sai a bar wa ƙawayen amarya, su kuma ma'auninsu yawan mabiyansa a intanet. Alhali da hotunan 'ya'yan mutane ya tara mabiyan nan. Ba mai tambayar inda hotunan za su kwana, ko wa ke riƙe da memori bayan an watse. A tura kuɗi gaba ɗaya, ba takarda ba shaida. Shi ya sa ranar Asabar mai hoto zai karɓi biki biyu ya turo maka yaron shagonsa, albam ya shafe watanni bai fito ba, in ka matsa ya ce memori ya lalace. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi.

Mutane da yawa ba su san doka na bayansu ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a yaɗa shi ga jama'a, matuƙar ba su yi wata yarjejeniya ta dabam ba. A watan Yunin shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Saboda haka mai hoton da ya ce "ai aikina ne, ina da ikon ɗorawa" ya faɗi rabin magana ne kawai.

Akwai masu tsoron Allah a wannan sana'a, kuma ba su da wuyar ganewa. Nemi mai hoto ya nuna maka cikakken aikin biki guda, daga farko har ƙarshe, maimakon zaɓaɓɓun hotuna goma. Tambayi gidan da ya taɓa yi wa aiki. Ka ba da kafin alƙalami kawai, ciko sai kaya sun zo hannu. A rubuta ranar kawo aiki, da sunan wanda zai zo da kansa, da yawan yaran da za su biyo shi, a kuma rubuta ƙarara cewa ba zai ɗora ko hoto ɗaya ba sai da izini. Taron mata kuwa a nemo mace. Akwai mata masu wannan sana'a a Kano da Kaduna da Abuja, kuma sun iya aikinsu.

Iyaye maza, ku daina cewa wannan sha'anin mata ne. Ku zauna da mai hoto kamar yadda kuke zama da waliyyin ango. Wanda ya ƙi sa hannu a takarda, kada ya taka ƙofar gidanku.