Kafin Ku Kira Dillali, Ku Fara Kwashe Gidan

Karatu: Farawa 23:16-20, Irmiya 32:9-15



A 'yan shekarun nan an sha kirana in zama shaida wajen cinikin gida. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Baba ya rasu, 'ya'ya sun warwatsu, wannan yana Sabon Gari, wancan yana Kaduna, 'yar'uwarsu tana aure a Zariya, ga kuɗin makaranta, ga maganin Mama, sai a ce a sayar da gidan kowa ya sami na hannu. Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero zuwa Janguza, ko ya ratsa ta Langel, ya ga yadda gonakin gero da dawa suke komawa filoti. Dā ma ƙasar Tofa a cike take. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da dubu 97 a wannan ƙaramar hukuma, ga shi kuma birni yana ƙara matsowa. Saboda haka da yawa daga cikinku, ko yau ko gobe, za ku tsaya a tsakar gidan da aka haife ku kuna jiran mai saye.

Akwai wani ciniki da har yau yake damuna. Ranar da dillali ya kawo mai saye, zaure cike yake da tsofaffin buhuna da karyayyen keke, ɗakin marigayi yana nan yadda ya bar shi, rumbu ya zube gefe guda, awaki suna kwana a shigifa. Mutumin ya leƙa ɗaki biyu, ya fito ya yi tayin da bai kai rabin abin da suka sa rai ba. Haushi ya kama samarin gidan. Washegari suka kira 'yan jari bola, kafin la'asar an auna komai a kan sikeli an tafi da shi. A cikin abin da aka tafi da shi akwai akwatin ƙarfe mai ɗauke da takardar gonarsu, akwai kuma tasoshin jeren mahaifiyarsu waɗanda tun tuni ta yi wa 'yarta alkawarinsu. Gidan dai an sayar. Amma yarinyar nan ta shekara biyu ba ta taka gidan yayyenta ba.

Ra'ayina shi ne: gidan da za a sayar, a kwashe shi tsaf tun kafin mai saye ya gan shi, a cire duk abin da yake nuna na wane ne, a yi aikin a natse, gaban duk masu hakki. In kuma an gama, kada a ɓoye wa mai saye aibi ko ɗaya. Bari in faɗi dalilaina.

Na fari, mai saye wurin zaman iyalinsa yake nema. Yana shiga tsakar gida lissafi yake yi a zuci: nan ɗakin uwargida, nan na yara, can za a ɗaure tumaki, zauren zai ɗauki baƙi nawa. In ko'ina ya juya hotunanku ne da tsummokaranku, ba zai iya wannan lissafi ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya ɗaga labule ya duba bango ba, don ji yake ya shigo ɗakin mutane. Ɗakin da yake cike ƙanƙancewa yake yi a ido, ya yi duhu, ya riƙe wari. Dillalan gidaje a Amurka da Ingila sun daɗe da gane haka, shi ya sa abu na fari da suke gaya wa mai gida shi ne ya sauke hotunan iyali ya rage kaya. Mu ma ai mun san wannan a kasuwa. Ba wanda yake kai dawa Dawanau da ƙaiƙayinta, sai an sheƙe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyu, kuma shi ya fi nauyi a wurina, zumunci. A abin da na gani, rigimar gado ba kasafai take farawa daga manyan kuɗi ba, domin kuɗi ana ƙirga su gaban shaidu. Tana farawa ne daga ƙananan abubuwa da suka ɓace ba a san wanda ya ɗauka ba: rediyon Baba, garmar shanu, keken ɗinki, babbar tukunyar biki. Don haka ku sa rana, ku sanar da kowa, har 'yan'uwanku mata da suke gidajen aure. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, wajen Kirsimeti, sa'ad da an riga an raba hatsi, kowa kuma yana gida. Ku gayyaci dattijo ɗaya daga dangi ko daga ikkilisiya ya zauna. Wani ya riƙe littafi da biro. A fito da kaya ɗaki-ɗaki a shimfiɗa a tsakar gida da rana tsaka, a kasa su kashi huɗu: na masu shi, na rabo, na kyauta, na zubarwa.

Ku lura da kashin farko. Ba duk abin da yake cikin gidan Baba ne na Baba ba. Kayan ɗakin Mama, gadonta da kwanukanta da samirunta, nata ne, da su aka kawo ta, ba sa shiga rabo. Akwai turmin aro, akwai fartanyar maƙwabci, akwai ajiyar da wani ya bari tun shekarun baya. A mai da wa kowa nasa. In kuma Mama tana da rai tana zaune a ciki, kada wanda ya taɓa ko cokali sai an zauna da ita an san inda za ta koma, ta kuma yarda da bakinta. Matar da ta yi shekara arba'in tana share tsakar gidan nan, bai kamata ta ji labarin ciniki a bakin dillali ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na uku, takardu. Kada a zubar da akwati, ko adudu, ko tsohon littafi, sai an buɗe an karkaɗe. Iyayenmu a cikin Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi suke ɓoye takardar ciniki, da katin baftisma, da takardar aure, da sunayen waɗanda ake bi bashi da waɗanda suke bin gidan. A bangon littafin ne wasunku za su tarar da ranar haihuwarsu. Ku tuna da Irmiya. Sa'ad da ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17 na azurfa, ya sa an rubuta, shaidu suka sa hannu, ya ba Baruk takardun biyu, hatimtacciya da buɗaɗɗiya, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Wannan kuwa ana tsakiyar yaƙi ne, sojojin Babila sun kewaye Urushalima. Mu da muke zaune lafiya ba mu da hujjar wasa da takarda. Ku sani kuma, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka na gargajiya, sauya hannu yana bukatar amincewar hukumar da ta dace. Shaidar mai unguwa da dagaci tana da muhimmanci, amma kada ku tsaya a nan. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku tura wa kowane magaji.

Yanzu ga inda na san wasunku za su ja da ni. Na ce a cire duk alamar masu gida: hotuna, kalandar zumuntar mata, ayar da aka rubuta a bangon zaure, gicciyen da aka zana a ƙofa. Wani saurayi ya taɓa ce mini, "Fasto, wannan ai kamar muna jin kunyar bangaskiyarmu ne." Na fahimce shi, amma ban yarda ba. A wannan ƙasa tamu, mai sayen gidanka galibi maƙwabcinka Musulmi ne. In ka bar masa aya a bango, ka ɗora masa nauyin da ba nasa ba: ko ya zauna da ita ba da son ransa ba, ko ya kankare ta da hannunsa, gobe wani ya ce an wulakanta mana nassi. Ƙananan maganganu irin wannan sun sha zama babbar fitina. Kai da ka rubuta, kai ya kamata ka shafe, cikin ladabi. Tsofaffin shafukan Littafi Mai Tsarki kuma ka tattara ka tafi da su, kada su ƙare a bola ko a hannun mai ƙosai. Shaidar da za ka bar wa mutumin nan ita ce gaskiyar da ka yi masa a ciniki, ita ce zai riƙa faɗa wa mutane.

Akwai kuma abin da ba mu cika son ambata ba. Wasunmu kakanninmu Maguzawa ne, wasu kuma iyayenmu sun riƙe abu biyu a ɓoye. In ana kwashe tsohon gida akan ci karo da laya a saman ƙofa, ko ƙulli a cikin azara, ko tukunya a binne a kusurwa. Kada ku tsorata, kada ku sa a aljihu ku kai sabon gida kamar yadda Rahila ta yi da gumakan mahaifinta, kada kuma ku bar wa mai saye. Ku kira dattawa a fitar da su, a yi addu'a, a ƙone.

Wani kuma zai ce, "Me ya sa za mu wahala, mai sayen ai rushewa zai yi ya yi ginin bulo?" Wataƙila haka ne. Amma ko da farashi bai ƙaru da sisin kwabo ba, rabon kaya cikin salama da tsirar da takardu sun isa dalili. Ga kuma amfanin da zuciya take samu. Wanda ya ɗauki rigar mahaifinsa da hannunsa, ya ninke, ya miƙa wa mabukaci, ya yi ban kwana. Wanda ya bar wa katafila aikin, abin yakan daɗe yana cinsa.

Sai dai ga iyaka, ku ji da kyau. Shara daban, rufa-rufa daban. Ka yi yaɓe, ka shafa farar ƙasa, ka gyara indararo, duk daidai ne. Amma in ka san katangar gabas tana tsagewa duk damina, ko soro yana yoyo, ko gara ta cinye azara, ko rijiya tana ƙafewa a watan Maris, ko tsohon masai yana ƙarƙashin inda ka zuba sabon yashi, faɗa wajibi ne. Ciniki da rani yake yawan faɗuwa, lokacin da yoyo ba ya nuna kansa, sai Agusta ta zo asiri ya tonu, a lokacin kuwa sunanka da na ikkilisiyarka ne za a kira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada kuma ku yarda dillali ya yi ƙarya a madadinku don la'adarsa ta ƙaru, ku ce ai ba da bakinku ba.

Akwai abubuwan da ba sa kwasuwa, su ma sai an ambace su da suna. Da Ibrahim ya sayi saurar Makfela a hannun Efron a kan shekel 400, labarin bai tsaya a kan fili kawai ba, ya lissafa kogon da itatuwan da suke cikin iyakar, aka kuma yi cinikin a ƙofar gari gaban jama'a. Haka ya kamata mu yi. A al'adarmu ɗorawa ko kuka tana iya zama ta wani daban, ko ta dangi duka, ko da tana cikin filinka. Akwai hanyar da maƙwabta suke bi zuwa rijiya, akwai magudanar ruwan gidan baya. Mafi girma duka, kabari. In akwai wanda aka binne a bayan gidan, kada ku kuskura ku baje wurin ku yi shiru. A faɗa, a rubuta a takarda, in ya yiwu a cire wurin daga ciniki a kewaye shi. In farashi ya ragu saboda haka, ya ragu.

Kalma ta ƙarshe ga iyayen da nake da tabbacin suna leƙa wannan shafi, da ku matasa da za ku kai musu saƙo. A ƙasar Suwidin wata tsohuwa mai suna Margareta Magnusson ta fitar da littafi a 2017 tana roƙon tsofaffi su rage kayansu tun suna da rai, don kada su bar wa 'ya'ya wahala. Shawara ce mai kyau, ba kuma kiran mutuwa ba ne. Baba, Mama, ku kira yaran ku nuna musu inda takardu suke, ku faɗi abin da yake na aro, ku ba kowa abin da kuka yi niyya da hannunku. Ku kuma matasa, ku fara da ɗakinku a wannan mako. Takalmin da ka shekara biyu ba ka sa ba, akwai wanda yake zuwa sujada da silifa tsinkakke.

In ranar ta zo, ku share tsakar gida, ku zagaya maƙwabta gida-gida ku yi sallama, ku nemi gafara, ku biya ɗan bashin mai kanti. Sa'an nan ku miƙa makulli gaban shaidu, dukanku tare.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye zumuncin gidajenmu. Amin.