Hutun Damina: Gona Da Gayya

Dogon hutunmu na ƙarshen shekara yakan faɗo ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen watan Yuli har zuwa Satumba. Ga ɗan birnin Zariya wannan ba hutu ba ne sai a baki. Baƙo yakan zaci wanda ke zaune cikin ganuwa ba ruwansa da fartanya, alhali kuwa da yawa daga cikin gidajenmu manoma ne. In ka tsaya a Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona ko Ƙofar Galadima bayan sallar asuba za ka ga mutane suna ta fita, wasu a keke, wasu a babur, wasu a ƙasa da garma a kafaɗa. Ni ma ina cikinsu, domin gonar gidanmu tana bayan Ƙofar Gayan. Abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, shin a cikin wannan matsi na aikin gona akwai sauran wurin aikin gayya? A ganina akwai, kuma barin da muka yi masa ya fara cin mu.

Bari mu fara yi wa manomi adalci. Damina ba ta jiran kowa. Ruwa yakan sauka a ƙasar Zazzau wajen watan Mayu, ya ɗauke a Oktoba, kuma a cikin waɗannan watanni ne za a nemi abincin shekara. An yi shuka, an yi noman farko, ga maimai, ga zuba taki, ga huɗa. Masara in ciyawa ta rufe ta tana ƙarama, ko an nome daga baya ba ta komawa daidai. Saboda haka uban da ya ce wa ɗansa ba inda za shi sai gona, ba mugunta ya yi ba. Daga rumbun nan kuɗin makaranta yake fitowa.

To, amma kakanninmu ma ai damina ɗaya suke da ita, kuma ba su da maganin feshi, ba su da tarakta. Dabararsu ita ce gayya. Mutum ya ga aiki ya fi ƙarfin gidansa sai ya gaya wa abokai da surukai da maƙwabta, a sa rana. Mata su dama fura, su tuƙa tuwo, makaɗi ya zo da gangarsa. Samari su jeru kowa da kunyarsa, ana kiɗa ana kirari, ba mai son a bar shi a baya. Gonar da mutum ɗaya zai kwana bakwai a kanta sai a tashe ta kafin azahar. Ba a biyan kowa ko kwabo, amma kowa ya san bashi ne, ranar da aka yi gayyar wani sai ka je. Saurayi yakan kai gayya gonar surukinsa. Haka kuma in magidanci ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, ko ya rasu ya bar marayu, ba a barin gonarsa ta zama saura.

Yau kuɗi ya shiga tsakani. Mai hali ya ɗauki 'yan ƙwadago, ko ya sayi maganin ciyawa ya fesa. Ban ga laifin wannan ba, sauƙi ne Allah ya kawo. Sai dai akwai aikin da ba shi da mai shi, balle a ce wane ne zai biya, kuma a nan ne rashin gayya ya fi yi mana ciwo.

Dubi lungunan birni a watan Agusta, lokacin marka. Lambatu ya cika da leda da robar ruwa, ruwa ya rasa hanya sai ya kwanta a gindin katanga. Ginin ƙasa kuwa ba abin da ya tsana kamar jiƙar gindi. Yana iya shekara ɗari in ana yi masa yaɓe, ana gyara indararo, ana kore masa ruwa, amma in aka yi sakaci damina ɗaya ta isa. Kowa a garin nan yana tuna ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, da wani sashe na Masallacin Juma'a na fada ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane suka rasu. Allah ya jiƙansu. Masallacin nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi wajen shekarun 1830, kuma masana gine-gine daga ƙasashen duniya sun yi ta zuwa kallonsa. Gyaran irin wannan gini aikin gwanaye ne, ba na yara ba. Amma ɗakunan talakawa da ke faɗuwa a lunguna, waɗanda ba a jin labarinsu a rediyo, sau da yawa abin da zai tsare su bai wuce samari goma da shebur da kwando su buɗe wa ruwa hanya ba. Ga kuma kududdufai da ramukan da aka haƙa don tubali. Sauro daga ƙwai zuwa tashi yakan ɗauki wajen kwana goma a cikin ruwan da ya kwanta, shi ya sa zazzaɓi ke kwantar da ƙannenmu daidai lokacin da ake neman hannun kowa a gona.

Na sha jin samari suna cewa wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kwashe bola da gina manyan magudanai haƙƙin ƙaramar hukuma ne, kuma ya kamata a tuna mata. Amma ruwan da zai shiga ɗakin kakarka yau da dare ba zai jira a sa hannu a takarda ba. Gwamnatoci kuwa sun gwada nasu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa shirin ciyar da ƙasa, har aka tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka a dogon hutu. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta zo da yaƙi da rashin ɗa'a, daga baya aka haɗa da sharar gari ta dole. Mutane sun yi shara, amma tsoron soja ne ya fito da su, da tsoron ya tafi tsintsiya ta koma bayan ƙofa. Iyayenmu suna bambanta gayya da aikin tilas irin na zamanin En'e, kuma suna da gaskiya. Gayya kunya ce ke riƙe da ita, kunyar a ce kowa ya fito ban da ɗan gidan wane.

Wasu abokaina kuma sukan ce su karatu suke yi, suna shirin jarrabawa. Madalla. Amma na ga masu wannan magana a gidan kallon ƙwallo har bayan isha'i, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗi lissafi don ya riƙe shebur awa biyu ba. Akwai dai raini a ciki, wai ɗan sakandare ya wuce taɓa kwata. Abin mamaki, a Samaru, 'yan mil kaɗan daga nan, akwai malamai masu digiri uku da ke yini cikin gonar gwaji da taɓo har gwiwa.

Shawarata ba mai wuya ba ce. Manomanmu da yawa dama ba sa zuwa gona ran Juma'a, ko kuma su dawo da hantsi saboda masallaci. To, ɗaliban kowace unguwa, Kwarbai ne ko Limancin Kona ko Ƙaura, su ware safiyar Juma'a daga ƙarfe bakwai zuwa goma. A fara zuwa wurin mai unguwa da liman a nemi izini, domin aikin da aka sanar a masallaci ya fi samun jama'a, kuma dattawa sun san hanyar da ruwa yake bi tun kafin a toshe ta da gini. Mako ɗaya a yashe lambatu, wani makon a cike ramuka, wani kuma a fita bayan gari a nome gonar wata gwauruwa ko wani majinyaci. 'Yan mata ma suna da nasu rabon, ba dama fura kaɗai ba, suna iya shiga gidaje su duba tsofaffi, su kife tukwane da gwangwanayen da ke tara ruwa. Kada a kafa ƙungiya mai shugaba da ma'aji da kati, don da zarar kuɗi ya shigo rigima ta shigo. Shebur da baro a aro su a gidajen magina, a wanke su a mayar kafin a kira sallar Juma'a.