Ambaliya: tauraro ya gani, saura labari ya iso gare mu

Kafin kogin Isa ya iso Yamai, sai ya bazu cikin wata ƙatuwar fadama a ƙasar Mali, tsakanin Jenne, Mopti da Tumbuktu. A shekarar da ruwa ya yi yawa, yakan rufe fili fiye da murabba'in kilomita 20,000. Masunta da makiyaya da manoman shinkafa duk da wannan cikowa suke rayuwa. Mu ma ta shafe mu, domin ruwan da ya sauka a duwatsun Gine yana ɗaukar watanni a hanya, sai wajen Janairu yake cika a Yamai.

To yaya ake sanin iyakar inda ruwan ya kai? Hoton tauraron ɗan Adam na yau da kullum ba ya ganin ƙasa in hadari ya rufe sama. Radar kuwa ba ruwansa da gajimare ko duhun dare. Yana aiko da sigina ƙasa, ya auna abin da ya komo masa. Ruwan da yake kwance yana kautar da siginar kamar madubi, shi ya sa yake fitowa baƙi a taswira. Tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, da haka yake aiki, kuma hotunansa kyauta ne.

Sai dai radar ma yana da iyaka. Ruwan da ya ɓuya ƙarƙashin burgu ko shinkafa yana iya ruɗa shi, rairayi mai santsi kuma yakan yi masa kama da ruwa. Ke nan dole a haɗa da ma'aunin bakin kogi. Kada mu manta kuma, ambaliyar Satumban 2020 a Yamai ba ta fadamar Mali ta biyo ba. Jan ruwan rafuka irin su Sirba ne ya kawo ta, shi kuwa ba ya jira.

Hukumar kula da kogin Isa da cibiyar AGRHYMET duka a Yamai suke. Masana ba mu rasa ba. Abin da muke roƙo shi ne kada taswira ta tsaya a kwamfutar ofis. A fassara ta, a faɗa a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, mai gona a bakin kogi ya ji tun da sauran lokaci. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.