Kafin A Zagi Mai Batir, A Duba Kan Batir

Duk wanda ya yi sammako zuwa tashar Muda Lawal a Bauci cikin Disamba ko Janairu, ba zai rasa ganin mota cike da fasinja yaran tasha suna turawa ba. Direba kuwa sai tsine wa mai sayar da batir yake yi. Alhali sau da yawa batirin lafiyarsa lau, kansa ne kawai aka bari ya lalace.

Wannan magana ta shafi 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, domin da yawansu sun yi guminsu sun sayi mota sun aika gida. Wata tana haya a hannun ƙane, wata tana ajiye sai an zo Salla. Bayan 'yan watanni sai saƙo ya iso cewa a aiko kuɗin sabon batir. To, kafin mutum ya aika, ya kamata ya tambaya: yaushe rabon da a wanke kansa?

Ga yadda abin yake. Batirin ƙaramar mota volt 12 ne, ɗakuna 6 gare shi, a cikinsu akwai farantan dalma da ruwan asid. Tururin asid ɗin shi ne ke cin kan batir, ya bar wani gari fari ko kore mai kama da gishiri, wanda ke tare wuta. Zafin Bauci na Maris da Afrilu yana ƙafar da ruwan, sanyin hunturu kuma yana rage wa batir ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin bai kai kuɗin kwanon tuwo ba. A kashe mota, a fara kwance wayar da ke da alamar ragi (-), sannan mai alamar tarawa (+). A jiƙa kanwa ko bakar hoda ta soda a ruwan ɗumi, a goge kan da tsohon buroshi, amma kada ruwan ya shiga cikin ɗakunan. In ya bushe a mayar da ta tarawa tukuna, ta ragi daga baya, a ɗaure tamau, a shafa giris. In ruwa ya yi ƙasa, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba. A nisanta taba da ashana, gama iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta. Motar da za ta daɗe a ajiye kuwa, a cire mata wayar ragi.

Amma me ake gani? Direba ya ɗauki dutse ya doki kan batir, ko ya cusa ƙusa don ya kama. Ranar da ta mutu masa da dare a dajin hanyar Ningi, ba shi kaɗai zai kwana cikin tsoro ba, har mata da yaran da ya ɗauko.

Saboda haka ya kamata shugabannin ƙungiyar direbobi su riƙa sa a buɗe gaban mota a duba kafin lodi. Masu mota na Kurmi kuma su daina biyan kuɗin sakaci. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, amin.