Rage Kuɗin Haraji: Riba Ce Ko Asara?

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Bisa tanadinsu, duk wanda samunsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba, babu haraji a kan kuɗin shigarsa. An yi wannan sassauci domin mai ƙaramin ƙarfi. Wanda samunsa ya haura haka, nauyin biya yana kansa.

Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi. Amma mai shago a Gyadi-Gyadi ko a Kasuwar Tarauni, shi ke lissafa samunsa da kansa, ya miƙa wa Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano kafin ƙarshen watan Maris. A nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya rage adadi, hukuma tana da ikon yi masa nata ƙiyasin, ta karɓi cikon, ta ɗora tarar kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa. Wanda bai miƙa bayani ba sam, tararsa naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 kowane wata.

Wanda bai gamsu da ƙiyasin ba yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi, kuma hujjarsa ita ce littafin ciniki da rasit. Saboda haka ana kira ga dagatai da masu unguwanni su faɗakar da jama'arsu muhimmancin rubuta cinikin kullum.