Mulkin Kama-karya da Masu Fafutukar Barin Ƙwaya

Daga 2020 zuwa yau sojoji sun ƙwace mulki a Mali, Gini, Burkina Faso da Nijar. A Yamai an dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, an rusa jam'iyyun siyasa a Maris ɗin 2025, Bamako ma ta bi sahu a watan Mayu. Najeriya da ke hannun farar hula ba ta tsira ba: gwamnati ta rufe Twitter tsawon wata bakwai daga Yunin 2021, kuma a Nuwamban 2024 an gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, har wasu suka yanke jiki suka faɗi. Ana yawan tattauna yadda wannan yanayi ya shafi 'yan jarida da 'yan adawa. Wanda ake mantawa shi ne mutumin da ya bar shaye-shaye yana lallaɓa rayuwarsa. Tsoro da rufe baki na cikin abubuwan da suka fi saurin mayar da shi ruwa, don haka duk taimakon da za a ba shi dole ya fara da wurin da zai yi magana ba tare da fargaba ba.

Masu wannan hali ba kaɗan ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa damuwa mai tsawo tana kan gaba wajen sa wanda ya daina ya koma. Wanda ya shekara yana kashe baƙin ciki da kodin ko tiramol, jikinsa ya san gajeriyar hanyar samun sauƙi. Zullumin siyasa kuwa ba shi da ranar ƙarewa: ya kwana yana duba waya, ya ji an kama wane, ya kuma koyi cewa shiru ya fi aminci. A cikin irin wannan shiru kwaɗayin ƙwaya ke dawowa.

Wani zai ce talauci da zaman banza ne ke jefa matasa cikin shaye-shaye, ba salon mulki ba, kuma ai dubban matasa sun fito titunan Yamai suna maraba da sojoji. Gaskiya ne, amma abin da ya fara jefa mutum ciki daban, abin da ke mayar da shi daban. Ko wanda ya yi wa sojoji tafi yana iya kasa barci ranar da aka ɗauke maƙwabcinsa. Wani kuma zai ce ɗan ƙwaya sai da horo mai tsanani. Mun gwada. A Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, aka sake gano irinsa a Daura bayan 'yan makonni. Haramta maganin tari mai kodin a 2018 ya dace, sai dai bai cire dalilin sha daga zuciyar kowa ba. Wanda tsoro ke damunsa, ƙara masa tsoro ba magani ba ne.

Akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kware da Maiduguri, asibitin Dawanau a Kano, da sashen ba da shawara na hukumar NDLEA. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin mai jinya. Amma asibitocin sun yi kaɗan, kuma likita ba ya bin mutum gida. Ragowar aikin na unguwa ne. Majalisar da ake zama bayan isha'i a Kano, ko fadar shayi a Damagaram, tana iya mayar da mutum ruwa, tana kuma iya riƙe shi. Masallatai da coci-coci su ba da ɗaki inda waɗanda suka daina za su riƙa haɗuwa kowane mako, bisa sharaɗin cewa abin da aka faɗa ba zai fita waje ba. Masu cewa addu'a ta wadatar su tuna ba ta hana mai hawan jini zuwa asibiti. Wanda ya daina kuma ya ƙayyade lokacin sauraron labarai, ya sami mutum ɗaya da zai kira idan abin ya motsa. Gyaran mulki aiki ne na shekaru, kuma mai hankalinsa a jikinsa ne zai iya sa hannu a cikinsa.