KAFIN A MIƘA WA YARO LASIFIKA

'Yan uwa mazauna Kurmi, musamman mutanenmu na Sabo, Bodija, Shasha da Ojoo a nan Badun. Yau zan taɓo wata magana da na san wasu ba za su ji daɗinta ba, don haka ina roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Ni ba malami ba ne. Iyakata sakandare, sai ɗan abin da na tsinta a zauren malaminmu bayan sallar Magariba. Sana'ata ita ce ta mahaifina, wato awon wake da gero a kasuwar Bodija.

Akwai wani Bayarabe da muka yi aji ɗaya da shi a sakandare, Kirista ne ɗan Katolika. Da muka gama, ni na koma rumfar Baba, shi kuma ya shiga makarantar horar da limamansu, wadda suke kira seminari. Duk hutu sai ya biyo ta rumfarmu mu gaisa. A zuwansa na baya na tsokane shi, na ce kai har yanzu ba ka zama Fada ba, alhali sa'o'inmu har sun yi aure sun haihu? Ya yi dariya ya ce mini ko rabin hanya bai kai ba, domin har yau bai fara karatun addinin gadan-gadan ba, falsafa yake karantawa. Abin ya ɗaure mini kai. Da ya ga ban yarda ba, sai ya aro mini ɗan littafin da ke ɗauke da dokokin karatu da manhajar sashen falsafa na makarantarsu. Na kwana uku ina dubawa, ina tambayarsa abin da ya shige mini duhu.

Ga taƙaitaccen abin da na fahimta. Tun a shekarar 1563, a babban taron da shugabannin cocin Katolika suka yi a garin Trent na ƙasar Italiya, aka wajabta kafa irin waɗannan makarantu don kada a riƙa naɗa limamai marasa sani. Kundin dokokin cocin na shekarar 1983, a doka ta 250, ya ce karatun mai son zama limami ba zai gaza shekara 6 cur ba: 2 na falsafa, 4 na ilmin addininsu. A shekarar 2011 fadar Fafaroma ta sake gyara tsarin, ta mayar da digirin farko na falsafa a tsangayoyin coci shekara 3 maimakon 2. A nan Nijeriya kuwa yawanci shekara 4 suke yi, saboda makarantun suna da alaƙa da jami'o'in gwamnati, ɗalibi yana fita da digiri irin na kowa. Alal misali wadda ke nan Bodija, mai suna SS Peter and Paul, da muke wucewa ta gabanta kullum ba mu san me ake yi a ciki ba, tana da irin wannan alaƙa da Jami'ar Ibadan. Idan aka haɗa da shekarar share fage ta tarbiyya da shekarar aikin gwaji a coci, sai ka ga mutum ya kwashe shekara 9 ko 10 kafin a ce ya isa ya tsaya gaban jama'a da sunan limami.

Darussan kuwa an jera su bi da bi. Akwai manɗiƙi, wato ilmin auna hujja, yadda za ka gane magana ta tsaya da ƙafarta ko ta karkace. Akwai ilmin da ke binciken mene ne sani kansa, da yadda mutum zai bambance abin da ya sani da abin da yake zato. Akwai binciken asalin samuwa, da na halittar ɗan Adam, da ilmin kyawawan ɗabi'u, da falsafar siyasa. Sannan tarihin falsafa tun daga Girkawa irin su Aflatun da Aristo har zuwa wannan zamani, da falsafar Afirka, da harshen Latin. Dokokin kuma ba sani ba sabo: wanda ya yi fashin aji fiye da kima ba zai zauna jarrabawa ba, wanda ya faɗi darasi sai ya maimaita, wanda aka kama da satar amsa ko satar rubutun wani yana iya rasa gurbinsa gaba ɗaya. A shekarar ƙarshe sai ɗalibi ya rubuta kundin bincike, malamai su zaunar da shi su yi masa tambayoyi baki da baki.

Ranar da Baba ya ga littafin a hannuna ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai, me ya haɗa ka da takardun 'yan coci? Karatun naka ne ya ƙare?" Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba addininsu nake karantawa ba, tsarin karatunsu nake dubawa." Ya ce falsafa ai ita ce ke raba mutum da imaninsa, in mayar wa mai shi da kayansa. Na mayar, domin umarnin mahaifi ne. Amma abin da na gani ya riga ya zauna mini a rai, kuma dalilin zamansa yana cikin gidanmu.

Ina da ƙane, shekararsa 19. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da son addini, ban taɓa ganin sallar Asuba ta wuce shi ba. Cikin shekara guda ya haddace wa'azozin da yake saurare a waya, har muryar masu wa'azin yake kwaikwaya. Ana nan sai samarin wani ƙaramin masallaci suka fara ba shi lasifika bayan Isha'i. Makonni kaɗan ya fara yanke hukunci: wannan bidi'a ne, wancan ya fita daga Musulunci, cinikin wane haramun ne. Wata rana ya faɗi wata magana a kan maƙwabtanmu Yarbawa wadda ba zan maimaita ta a nan ba, kuma lasifikar tana kaiwa har bakin titi. Allah Ya taimaka wani dattijo ya tashi ya kashe na'urar, washegari Baba da kansa ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Da na zaunar da shi na ce, "Ƙanena, wane littafi ka sauke a gaban malami?" sai ya yi shiru. Ko Ahalari bai kai ƙarshe ba. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a gidanmu na ga fassarar wannan karin magana.

Jama'a, mu fa baƙi ne a nan, ko da kuwa an kafa unguwar Sabo tun 1916 kuma kakannin wasunmu a nan aka binne su. Abin da mai wa'azi zai faɗa a Kano ko Sakkwato ya kwana lafiya, idan ya faɗe shi a nan rumfunanmu ne za su biya. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, inda saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya zama gobara da asarar rayuka da dukiya, ya san cewa wuta ba ta buƙatar babban ashana. Wancan rikici ba wa'azi ne ya jawo shi ba, amma ya nuna mana irin busasshiyar ciyawar da muke zaune a kai. Baki shi ke yanka wuya.

Da abin ya dame ni sai na kai maganar gaban malaminmu na zaure. Na ce, "Allah gafarta Malam, shin gaskiya ne ilmin auna hujja na Nasara ne, mu bai halatta mu taɓa shi ba?" Malam ya yi murmushi, ya miƙa hannu cikin tarin littattafansa ya zaro wani ɗan siriri. Ya ce wannan shi ne Sullam, waƙe ne na manɗiƙi mai baiti sama da 140, kuma wanda ya rubuta shi shi ne Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya, mai littafin Ahalari da kowane almajiri a ƙasar Hausa yake farawa da shi. Wato mun karɓi littafinsa na tsarki da salla hannu bibbiyu, mun bar na gyaran tunani yana shan ƙura.

Malam ya ƙara mini da cewa a cikin littafin ma an kawo saɓanin malamai: Ibn Salah da Imam Nawawi sun hana karanta manɗiƙi, wasu sun ce ya kamata a san shi, sannan mai littafin ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya ginu a kan Alƙur'ani da Sunna. Ya ce Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi a kan wannan mas'ala, Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafi sukutum yana rushe wasu ra'ayoyin masana falsafa, amma shi ɗin dai ya sa gabatarwar manɗiƙi a farkon littafinsa na usulu, al-Mustasfa. A gidan Shehu Usmanu ma akwai jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a fannin hikima da falsafa.

Wani abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne, a manhajar abokina akwai Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd. Babban malamin da cocinsu ke tinƙaho da shi a wannan fanni, Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya sha ambaton Ibn Sina da Ibn Rushd a littattafansa, wani wuri ya yarda da su, wani wuri ya yi musu raddi. Ɗan Katolika a Badun ya san Ibn Rushd, ni ɗan Musulmi a bakinsa na fara jin sunan.

To, kada a fahimce ni a baibai. Tsoron da Baba yake ji yana da tushe, domin akwai waɗanda suka shiga falsafa ba tare da gindin addini ba suka fito da ruɗani, shi ya sa ma malamai suka gindaya sharaɗi. Haka kuma shekara 10 a makaranta ba ta mayar da mugu nagari. Su kansu Katolika sun sha fama da abin kunya daga wasu limamansu da suka bi duk waɗannan matakai. Sannan tsarinmu na zaure yana da alherin da nasu ba shi da shi. Kyauta ne, ba a korar kowa, ɗan kasuwa da ɗan dako da mai wankin hula duk suna zama tabarma ɗaya, kuma mutum yana karatu har tsufansa. Ɗalibin seminari ana ciyar da shi, ana ba shi ɗaki, ba ya tunanin kuɗin cefane. Namu sai ya wuni a kasuwa kafin ya buɗe littafi. Mu kuma ba mu da Fafaroma da zai sa hannu a takarda kowa ya bi, ga 'yan ɗariƙa, ga 'yan Izala, kowa da malamansa.

Amma duk da haka, abin da na gani a wancan littafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun san jeri: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar, ga nahawu da lugga a gefe, kuma ba mai buɗe bakinsa ya yi fatawa sai malaminsa ya ba shi izini. Wannan ai manhaja ce da doka, sai dai ba a rubuce suke ba. Waya ce ta zo ta tsallake da yaranmu daga Ahalari zuwa kan mumbari. Su sun rubuta nasu sun riƙe, mu mun bar namu a ka, yana zubewa da mutuwar dattawa.

Don haka ga shawarata, a matsayina na ƙaramin cikinku. Na farko, kwamitin kowane masallaci a unguwanninmu ya zauna da limaminsa a rubuta sharaɗin ba da lasifika: waɗanne littattafai mutum ya sauke, a gaban wa, kuma malamin ya shaida. Wannan ba ya buƙatar sai ɗariƙa da Izala sun haɗu, kowane masallaci zai iya yin nasa gobe. Na biyu, malaman zaure da na Islamiyya su rubuta jerin karatunsu a takarda, da kimanin lokacin da kowane littafi zai ci, a riƙa yi wa ɗalibi tambayoyi kafin ya wuce gaba. Na uku, a dawo da Sullam ga ɗaliban da suka yi nisa, bisa sharaɗin da mai littafin ya faɗa, don yaro ya san bambancin hujja da hayaniya, ya san cewa laifin mutum ɗaya ba ya zama hukunci a kan ƙabila. Na huɗu, mai son yin wa'azi a ƙasar Yarbawa ya san harshensu da al'adunsu, ya san cewa a gida ɗaya ana samun Musulmi da Kirista uwa ɗaya uba ɗaya, don ya san inda maganarsa za ta sauka. Na biyar kuma namu ne 'yan kasuwa: mu ware wani abu duk wata don malamai da ɗalibai biyu ko uku masu hazaƙa su samu sararin karatu sosai. Muna kashe abin da ya fi haka a bikin aure ɗaya.

Ƙanena dai yanzu ya ajiye lasifika. Baba ya kama hannunsa ya kai shi gaban Malam, an koma Ahalari daga babin farko. Ranar farko ya dawo yana fushi, wai an mayar da shi yaro. Na gaya masa abokina ɗan seminari ya girme shi da shekara 7, kuma har yau ba a ba shi izinin ya jagoranci ibada a cocinsu ba. Bai ce komai ba, amma washegari ya riga ni zuwa zaure.

Idan na yi kuskure a wani wuri, malamai su gyara mini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.

Wassalam.
Naku, daga Sabo, Ibadan.